Dashen haƙori: ɗan ƙarfen da ba a tambaya a kansa

A da, idan mutumin Ringim ko Gaya ya yi giɓi, hanya biyu ce a gabansa: ko ya zauna da giɓinsa, ko ya shiga birni a yi masa haƙorin roba, irin wanda ake cirewa da dare a jiƙa a kofi. Har yanzu haka akasarin mutane suke yi. Amma an fara samun kaso na uku. Ɗan kasuwar da ke kai hatsi Dawanau, malamin makarantar da ya karɓi kuɗin sallama, hajiyar da 'ya'yanta suka kai Misra ko Indiya ganin likita, magidancin da babur ya kayar ya zubar da haƙoran gaba dangi suka yi masa karo-karo, a cikin irin waɗannan akan sami wanda aka yi wa dashe. Ana kafa saiwar ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗora haƙori a kai. Aiki ne na maƙudan kuɗi a kan haƙori guda, wani sai ya sayar da sa, wani sai ya taɓa rumbu.

Tambayoyin da ake yi kafin a biya kusan iri ɗaya ne. Nawa ne? Da zafi? Zai yi fari daidai da sauran? Zan ci goro da shi? Babu laifi a cikinsu, sai dai duk sun tsallake ɓangaren da ke da babban hannu wajen ko dashen zai kai shekara 20 lafiya lau, ko kuwa tun shekara ta 5 zai fara jini da wari.

Dashe guntu uku ne. Akwai saiwa, ƙarfe mai zare irin na noti da ke nutse cikin ƙashi. Akwai hula, wato farin haƙorin tangaran da ake gani idan mutum ya yi murmushi. Sai na tsakiya, mahaɗi, wanda likitoci ke ce wa abotmen: ɗan guntu mai 'yan milimitoci, ƙasansa a ɗaure da saiwa, samansa a cikin hula, tsakiyarsa kuma ta ratsa dasashi. Majinyaci ba ya ganinsa, shi ya sa ba ya cinikinsa.

Batun saiwa an daɗe da shawo kansa. A 1952 wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, ya kafa ɗan bututun wani ƙarfe mai suna taitaniyom a ƙashin ƙafar zomo. Da ya zo cirewa, abu ya ƙi fita, ƙashi ya kama ƙarfen ya manne. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, mutumin ya yi shekara 40 yana tauna da shi har ya rasu. Bayan taron da aka yi a Toronto a 1982 aikin ya bazu duniya. Yau idan ƙashi yana da lafiya, aka yi aikin da tsafta, aka ba wurin watanni ya warke, sama da 9 cikin 10 na saiwoyin suna nan a kafe bayan shekara 10. Amma kasancewa a kafe daban, lafiya daban. Saiwa tana iya zama daram alhali ƙashin da ke wuyanta yana zaizayewa a hankali.

Duk wanda ya zauna a ƙauyen da aka haƙa rijiyar burtsatse ya san inda matsala ke fitowa. Bututun da ke can ƙarƙashin ƙasa ba kasafai yake ba da wahala ba. Abin lura shi ne inda ya huda ƙasa ya fito. Idan aka yi daɓen siminti mai kyau ya kama bututun, aka karkata shi ruwa yana gangarewa, ruwan rijiya zai zauna da tsafta. Idan daɓen ya tsage, ko kan famfon yana girgiɗi duk lokacin da yara suka tuƙa, ruwan wanki da na dabbobi zai riƙa bin jikin bututun yana sauka, ƙasar wurin ta riƙa zaftarewa. Mahaɗi a wannan wurin yake. Daga cikin jiki ya fito, inda babu ƙwayar cuta, ya leƙo cikin baki, inda ɗaruruwan irinta suke zaune dare da rana. Dasashi shi ne daɓen.

Haƙorin da Allah Ya halitta mana ba a kafe yake cikin ƙashi kai tsaye ba. Wasu zarurrukan nama ne ke riƙe da shi, suna fitowa daga ƙashi da dasashi suna nutsewa cikin jikin saiwarsa. Su ke ba shi ɗan sassauci wajen tauna, su ke sanar da mutum ya taka tsakuwa a cikin shinkafa, kuma ta nan jini ke kawo wa wurin masu yaƙar cuta. Ƙarfe ba shi da inda zare zai nutse. Abin da masu binciken Gotenbag suka gani a 1991 shi ne, zarurrukan dasashi kwanciya suke yi a jikin mahaɗi, suna bin tsawonsa, ba sa shiga cikinsa. Jingina ce, ba kamu ba. Jinin da ke zuwa wurin ma bai kai na haƙorin asali ba. Don haka cutar da haƙorin asali zai daɗe yana turewa, a jikin dashe takan sami hanya da wuri, ta kuma fi saurin isa ƙashi.

Jiki ya san raunin wannan rufin, sai yake nemansa da kauri. Daga bakin dasashi zuwa saman ƙashi yana son nama mai milimita 3 zuwa 4. Idan bai samu ba, ba ya haƙura, sai ya janye ƙashin ƙasa har tazarar ta cika. Berglundh da Lindhe sun nuna haka a 1996 a bakin karnuka: suka rage kaurin dasashi a gefe ɗaya suka bar ɗaya gefen yadda yake, da wurin ya warke sai ga ƙashin gefen da aka rage ya ja baya. A 2009 Tomas Linkevicius na ƙasar Lituweniya ya auna abin a bakin mutane. Masu siririn dasashi, milimita 2 ko ƙasa da haka, sun rasa sama da milimita 1 na ƙashi a shekarar farko. Masu kauri kuwa abin da suka rasa bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce mene ne milimita ɗaya da ɗoriya a saiwar da ta kai milimita 10? Ba a nan gizo ke saƙar ba. Jikin saiwa da gangan ake yi masa kaushi don ƙashi ya sami abin kamawa. Kaushin nan alheri ne muddin yana binne. Da zarar ƙashi ya janye ya bar shi a fili ƙarƙashin dasashi, ya zama matattarar dauɗa, wadda ba burushin da zai kai gare ta. Asarar farko ita ke buɗe ƙofar ta biyu.

Daga nan tsayin mahaɗi ya shigo. Idan aka sa gajere, gindin hula zai sauko ya zauna kusa da ƙashi, ya cinye filin da nama yake nema. Masu bincike a Giranada ta ƙasar Sifaniya sun ga cewa mahaɗin da bai kai milimita 2 ba ya fi jawo zaizayar ƙashi. Likita mai lura yakan auna kaurin dasashi tun kafin ya huda. In siriri ne, ko ya ɗan nutsar da saiwar ƙasa don mahaɗi mai tsayi ya sami wuri, ko ya ɗebo ɗan nama daga rufin baki ya ƙara.

Sai kuma inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Duk iya ƙwarewar maƙeri, tsakanin saiwa da mahaɗi akwai 'yar kafa da ido ba ya gani, amma ta ishi ƙwayar cuta shiga. Cikin saiwar rami ne mai ɗumi da laima. Ƙwayoyin cuta su shiga su hayayyafa, duk taunar da aka yi mahaɗin ya ɗan motsa, ya matso ruwan da ke ciki ya fito daidai saman ƙashi. Gwaje-gwajen da aka yi a dabbobi sun nuna motsin ya fi girman kafar illa. Tsohon samfurin Branemark yana da ɗan tudu mai kusurwa shida a kan saiwa, tsayinsa milimita 0.7 kacal, mahaɗi ya zauna a kai noti ya riƙe. Ya yi aiki, amma kusan duk nauyin tauna a kan notin yake, shi ya sa yakan saki, musamman a haƙori guda na turmi. Daga baya aka koma sa ƙafar mahaɗi ta shige cikin saiwa. Wanda ya fi matsewa a cikinsu shi ne mai siffar mazurari, dabarar da aka aro daga Stephen Morse, Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta a 1864 don riƙe bakin injin huda ƙarfe. Yadda ake ƙara danna shi haka yake ƙara cijewa. Bai toshe kafar gaba ɗaya ba, amma ya rage motsi sosai.

Akwai wata dabara da aka yi tuntuɓe da ita. A 1991 wani kamfani a Amurka ya fito da saiwoyi masu faɗin milimita 5 da 6, amma mahaɗan da suka dace da su ba su riga sun fito ba. Likitoci suka riƙa ɗora na milimita 4.1 da ke hannunsu, da nufin maleji. Da aka duba hotunan ƙashi bayan shekaru, sai aka ga waɗannan na malejin sun fi riƙe ƙashinsu. Lazzara da Porter suka bayyana abin a 2006. Dalilin ba wuya: tunda mahaɗin bai kai saiwar faɗi ba, kafar ta matsa ciki, ta yi nesa da bakin ƙashi, kuma an sami ɗan dandamali a kan saiwar da nama zai kwanta. Yau kamfanoni da yawa haka suke ƙera kayansu da gangan. Sai dai kada ɗan talla ya ruɗe ka. Da aka tattara bincike-binciken, ribar ba ta kai rabin milimita ba, kuma idan dasashi siriri ne takan ɓace. Taimako ce, ba laya ba.

Masu binciken Siwizalan tun farko wata hanya suka bi: suka ƙera saiwa mai dogon wuya mai santsi wanda shi da kansa yake ratsa dasashi, mahaɗar ta koma can sama, nesa da ƙashi. A haƙoran gaba ba a cika sonta ba, don idan dasashi ya ja baya ƙarfe zai leƙo. A turame kuwa, inda ba mai leƙawa, ina ganin wanda gidansa ke nesa da likita ya cancanci a faɗa masa akwai wannan zaɓin.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so mai karatu ya riƙe, domin shi ne wanda zai iya dubawa da kansa. Turmin haƙori faɗinsa yakan kai milimita 10, saiwar dashe kuwa 4 ko 5 ce. Dole a wani wuri siriri ya buɗe ya zama faffaɗa. Yadda aka yi wannan buɗewar shi ne magana. Ana iya bari mahaɗi ya taso siriri, da ɗan lotsawa a ƙasa don nama ya cika wurin, sannan ya buɗe a hankali. Ana kuma iya sa shi ya buɗe farat ɗaya, hula ta yi tumbi ta rufe dasashi. A madubi na biyun ya fi cika ido, babu 'yar kafa ko ɗaya tsakaninsa da maƙwabtansa. Kyan ɗan maciji ke nan. A ƙarƙashin tumbin nan tuwo ke kwana, da zaren nama, da tsakin goro.

An auna wannan ma. A 2018 Katafuchi da abokan aikinsa a Jami'ar Washintan sun duba dashen da suka yi kimanin shekara 10 a baki. A saiwoyin da bakinsu ke daidai da saman ƙashi, waɗanda buɗewarsu ta wuce digiri 30 kusan kashi 31 cikin 100 sun kamu da cutar da ke cin ƙashin dashe, waɗanda ba su wuce ba kuwa kashi 15. Ninki biyu, daga siffa kawai. Kuma abin ya fi muni idan aka haɗa faɗin kusurwa da tumbi.

A wurinmu lissafin ya fi haka nauyi. Asuwakin darbejiya yana goge fuskar haƙori tas, wanda ya iya shi ba ya jin kunyar mai burushi. Amma asuwaki ba ya lanƙwasa ya shiga ƙarƙashin hula, burushi da makilin ma haka. Abin da ke shiga shi ne ɗan siririn burushin tsakanin haƙora da zaren sakace, su kuwa ba kowane kemis na ƙauye ke ajiye su ba. Saboda haka kafin a cika kuɗi, a zauna gaban madubi a ce, “Likita, don Allah nuna mini yadda zan wanke ƙarƙashinsa.” Idan ɗan burushin ya shige ta gefen dama da na hagu ba tare da an tilasta shi ba, madalla, a sayi da yawa kafin a bar gari. Idan shi kansa likitan ya kasa shigar da shi, to Baba da zai koma Gwaram ba zai iya ba. A nemi a rage tumbin, aikin 'yan mintoci ne kafin a kafe hular. 'Yar kafar da za ta bayyana a turmi ba aibi ba ce, ƙofar shara ce.

Sau da yawa mummunar kusurwa ba laifin mai ƙera hula ba ne. Idan ranar tiyata aka kafa saiwar a karkace, ko ta matsa gefe, ko ba ta nutse yadda ya kamata ba, mahaɗi ne zai lanƙwashe ya rufa asiri. Haka idan aka jera saiwoyi biyu ba a bar milimita 3 a tsakaninsu ba, ƙashin tsakiya yakan sauka, naman da ke cike tsakanin haƙoran ya bi shi. Likitan da ya fara tsara inda hula za ta zauna sannan ya huda ya fi wanda ya huda sannan ya nemi dabara.

Hula kuma hanya biyu ake kafe ta: ko da noti ta wani ɗan rami da ake toshewa daga baya, ko da gam. Gam ya fi sauƙi, ya fi kyan gani, kuma yana rufe karkacewar saiwa. Matsalarsa ita ce rarar da ke tsartuwa idan aka danna hular. A haƙorin asali zarurrukan nan na nama suna tare ta. A dashe babu mai tarewa, sai ta gangara ƙasa ta daskare a jikin mahaɗi. A 2009 Thomas Wilson a Amurka ya leƙa ƙarƙashin dasashin dashen da ke ciwo da 'yar kyamara. A kashi 81 cikin 100 ya tarar da ragowar gam. Da aka kankare, kashi 74 cikin 100 alamun ciwon suka ɓace. Abin tsoron shi ne lokaci: wasu ciwon ya bayyana bayan wata 4, wasu sai da aka haura shekara 9. Wa zai yi jini a dasashi yau ya tuna da gam ɗin da aka sa tun kafin a haifi ɗansa na firamare? Hoto ma ba ya ceto, don gam ɗin da ke gefen leɓe ko gefen harshe ƙarfe yana kare shi.

Nan ma siffar mahaɗi ce ke yanke hukunci. Linkevicius ya nuna cewa iya zurfin bakin hula a cikin dasashi, iya yawan gam ɗin da ke saura. Mahaɗin kanti, wanda aka ƙera wa kowa da kowa, bakinsa da'ira ce madaidaiciya, dasashi kuwa hawa da sauka yake yi, don haka a tsakanin haƙora bakin yakan nutse sosai. Wanda aka ƙera wa mutum shi kaɗai yana bin dasashinsa, bakin hula ya zauna a inda ido ke gani, hannu ke kaiwa. Ya fi tsada, amma in dai gam za a sa, wannan ƙarin kuɗin ba asara ba ne. Ni dai inda hali ya yi, noti na zaɓar wa mutumin karkara. Ba gam da zai saura, kuma ranar da wani abu ya taso ana kwance hular a wanke a mayar. Mai gam sau da yawa sai an huda ta ko an fasa.

Abin da aka ƙera mahaɗin da shi bai kai waɗannan rikici ba. Taitaniyom da zakoniya, wani farin tangaran mai tauri, dukansu dasashi yana zama da su lafiya. Zakoniya ta fi a haƙoran gaba idan dasashi siriri ne, don ƙarfe yakan sa wurin ya yi duhu-duhu. Amma tana iya tsagewa, shi ya sa ake yawan ɗora ta a kan gindin taitaniyom. Zinari fa, tunda mu masu son haƙorin Makka ne? Gwajin da aka yi a karnuka a 1998 ya nuna nama bai manne wa garwayen zinari da tangaran ɗin shafe yadda ya manne wa taitaniyom ba. Wasu gwaje-gwajen baya sun sassauta hukuncin, amma ba wanda ya ce ya fi. Mai son ƙyalli ya sa a hula, ya bar abin da ke cikin nama. Abin da ya fi muhimmanci shi ne santsi. Wurin da ke ratsa dasashi a goge yake, kuma sakace da allura ko fil ko bakin reza yana karce shi, kowane karce kuwa mazaunin dauɗa ne.

Yawan kwancewa da mayarwa shi ma yana taɓa rufin. A 1997 an gwada cire mahaɗi da mayar da shi sau 5 a karnuka, nama da ƙashi suka ja baya. A mutane bambancin kaɗan ne, amma ya isa ya sa likitoci da yawa suke son a sa mahaɗin dindindin da wuri a bar shi.

Duk wannan ba ya nufin mahaɗi mai kyau ya gama magana. Mai shan sigari, mai ciwon sugan da ba a lura da shi, da wanda cutar dasashi ce ta zubar masa da haƙoran tun asali, suna cikin haɗari ko da wane irin ƙarfe aka sa musu. Wata tattarawar bincike ta 2015 ta nuna kimanin kashi 43 cikin 100 na masu dashe suna da kumburin dasashi a gefensa, kashi 22 kuma cutar ta kai ƙashi. Matakin farko yana warkewa idan aka wanke wurin. Na biyu, ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo duka. Wani bincike a Barazil ya bi masu kumburin farkon har shekara 5: waɗanda ke zuwa a duba su a kai a kai kashi 18 ne suka faɗa mataki na biyu, waɗanda ba sa zuwa kusan kashi 44. Kuma cutar ba ta cika zafi ba. Mu kuwa mun saba sai haƙori ya hana barci ake neman mota. Alamunta jini ne idan an goge, da wari, da ɗan mugunya idan aka danna dasashi, ko a ga ƙarfe ya fara leƙowa.

Likitocin haƙori a birni suka taru. A Kano ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen haƙori da muƙamuƙi, a nan Jami'ar Bayero take horar da sababbi, a nan asibitocin kuɗi suka fi yawa. Mutumin Maigatari ko Tudun Wada, zuwa dubawa a wurinsa yini ne guda da kuɗin mota, in damina ce har da barin gona. Wanda ya san ba zai iya wannan tafiyar ko sau ɗaya a shekara ba, ya faɗa wa likita gaskiya tun farko. Haƙorin roba mai kyau ba abin kunya ba ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Waɗanda aka yi wa aikin a ƙasar waje suna da wata matsalar ta daban. Kamfanonin dashe suna da yawa ƙwarai, kowanne da siffar mahaɗarsa, da notinsa, da sukurudireban da ke kwance shi. Mahaɗin wannan ba ya shiga saiwar wancan. Hajiya ta dawo daga Alƙahira da haƙori mai kyau, bayan shekara 3 noti ya saki, likitan Kano ya ɗauki hoto ya rasa na wane kamfani ne. Ko ya gane, wataƙila ba mai shigo da kayansa Najeriya. Daga nan ake faɗawa hannun kwaikwayo, mahaɗin da ya yi kama da na asali amma bai zauna daidai ba, kafa ta ƙaru, motsi ya ƙaru, ƙashi ya fara biya. Maganin wannan takarda ce. Kowace saiwa tana zuwa a kwali mai ɗauke da 'yar takardar mannawa: sunan kamfani, samfuri, faɗi, tsayi, lamba. A nemi a manna ta a kati, a rubuta irin mahaɗin da aka sa da ko noti ne ko gam, a karɓi hoton ƙashin da aka ɗauka ranar da aka sa hula, domin da shi za a gwada duk hoton da za a ɗauka nan gaba. A ɗauke su a waya, a adana na takarda inda ake ajiye takardun gona.

Goro da rake da ƙashin kaza, dashe yana iya musu, amma ba ya jin nauyi yadda haƙorin asali ke ji, don haka mutum yakan danna fiye da kima bai sani ba. Masana sun yi saɓani a kan ko nauyi shi kaɗai yana cin ƙashi. Ba su yi saɓani a kan yana kwance noti yana fasa tangaran ba. Ranar da aka ji hula tana ɗan motsi, a daina tauna a gefen, kada a gwada ta da yatsa ko harshe, a nemi likita cikin makon. Yawanci noti ne ya saki, kuma idan hular mai rami ce, buɗewa za a yi a wanke a ɗaure da ɗan sifana mai awo daidai ƙarfin da kamfani ya ƙayyade. Idan aka bar shi yana girgiɗi wata da watanni, notin yakan karye a cikin saiwa, fitar da guntun kuwa wani lokaci sai an haɗa da saiwar gaba ɗaya.